Ɗaki na Goma Sha Huɗu

A Scarborough, inda teku ke tari dare da rana,
akwai gidan tsofaffi mai jan bulo.
Nan nake aikin dare.
Ɗaki na goma sha huɗu: Norris Pickersgill,
shekara tamanin da uku, haƙora a kofi,
gashin baki na jabu a gwangwanin biskit.

Aka ce da ni, "Ba ki san shi ba?
Daren Asabar in ya fito a talabijin
har mai suyar kifi kan bar mai ya ƙone."
Ina zan san shi?
Lokacin ko cikina ba a ɗauka ba.

Ya yi ɗan sanda mai tsoron kyanwa.
Ya yi tsohuwa mai gardama da injin wanki.
Amma wanda ya bi shi kamar jela
shi ne mai jiran bas:
shekara tara a tasha guda, laima a naɗe,
abokinsa Wilf yana bisa tsani, inda ba a ganinsa,
yana tsiyayo masa ruwa daga bokiti.
Sai ya dubi agogo, ya dubi hanya,
ya dubi kyamara, ya ce,
"Yanzu-yanzu."

Da ita ya sayi gida.
Ita kuma ta saye shi, ba ciniki.
A layin banki, "Yanzu-yanzu!"
A makabarta, ranar da aka rufe uwarsa,
wani ya raɗa masa ita, ya tsaya jiran dariya.
Sau ɗaya aka ba shi wasan baƙin ciki a dandamali,
ya yi wata biyu yana koyon kuka,
ya fito, bai buɗe baki ba, zaure ya fashe.
'Yarsa ta ce daren nan bai ci abinci ba.

Shi da Wilf suka ɓata
kan wa ya fara furta kalmar.
Shekara talatin ba ko gaisuwa.
Da Wilf ya rasu, ya aika fure ba suna.

Tashar ta sallame shi da wasiƙa mai layi uku.
Daga nan sai tallar man goge bene,
yanka ƙyalle a bakin sabon kanti,
jirgin ruwan 'yan fansho masu gyangyaɗi.
Tafi ya riƙa raguwa
kamar ruwa a kan kwano in hadari ya wuce.

Yau bai san 'yarsa ba.
Yakan kira cokali da sunan kare.

Jiya, ƙarfe uku na dare,
na same shi tsaye a bakin taga,
kwat a kan kayan barci, takalmi ƙafa ɗaya.
Takardar aiki ta ce a lallaɓa shi ya kwanta.
Ni kuwa na ce, "Norris, me kake jira?"

Ya dubi tsintsiyar hannunsa, ba agogo.
Ya dubi titi.
Ya yi shiru,
irin shirun makaɗi da ya ɗaga hannu
ya bar 'yan rawa da ƙafa a sama.
Duk abin da ciwon ya kwashe,
wannan shirun bai same shi ba.
Sannan ya juyo, ya mai da ni kyamara.

"Yanzu-yanzu."

Na yi dariya har na dafa bango,
ni da ban taɓa ganin wasan ba,
ni da shekara shida ke nan
in Inna ta kira daga Gusau ta ce yaushe zan zo,
abin da nake ce mata ke nan.

Ya ɗan rusuna, kaɗan, don gwiwa.
Na kama hannunsa, mara nauyi kamar kara.
A waje yayyafi ya soma taɓa gilashi.
Ya saurara, ya matso da bakinsa kunnena:
"Wilf ya zuba ruwan?"

Na ce, "Ya zuba."
Ya ce, "Kullum sai ya makara."